Malam Ya Tafi Konduga

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ɗana. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama sunansa ba, alƙalamin da na koya riƙewa a ajin yaƙi da jahilci ma ba zai fara yau ba. Tela kowa ke ce masa a unguwarmu Lamisula, ni ma haka zan ce.

Yana da shekara talatin zuciyarsa ta tsaya. Da hantsi ne, yana kan keken ɗinki, sai ya sulale ƙasa. Allah ya sa Malama Saratu, wata nas 'yar kudancin Borno, ta zo karɓar ɗinkinta. Ta durƙusa tana danna masa ƙirji, maza na cewa ta bar gawa ta huta, ita ko kai ba ta ɗaga ba har cikin mota. Ya farfaɗo a asibiti, ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya.

Sai dai ya dawo ba ya riƙe sabon abu. Ya san matarsa, ya san 'yarsa Falmata, hannunsa bai manta yankan babbar riga ba. Amma maganar da aka yi masa da safe, kafin azahar ta zube. Likita ya ce ƙwaƙwalwar ce ta jima jini bai kai mata ba.

Ana haka mahaifinsa, Malam, ya rasu. Tela ya bi jana'iza, ya karɓi gaisuwa. Da aka share makoki sai ya shigo ya ce, "Iya, ina Baba?" Na faɗa masa, ya yi kuka kamar ranar ya fara ji. Washegari ya sake tambaya. A karo na huɗu zuciyata ta kasa. Muka haɗa baki, ni da matarsa da maƙwabta, duk sanda ya tambaya a ce Malam ya tafi gona Konduga.

A ganinmu tausayi ne. Malam shi ke jan maƙwabta salla a ƙofar gida. Yanzu in magariba ta yi sai Tela ya shimfiɗa buzun mahaifinsa, ya tsaya yana duban hanya. A ce ya shige gaba, ya ce ba zai taka wurin Baba ba alhali yana tafe. Ya rame, ya rufe shago. Kusan shekara muka bar shi yana jiran matacce.

Wata rana ina tankaɗe ya zauna kusa da ni.

"Iya, na san ba na riƙe magana. Amma in na ambaci Baba, kowa ƙasa yake kallo. Yaro aka mai da ni a gidan nan?"

Na ajiye rariya. Na ce, "Babanka ya rasu tun bara. Da hannunka ka sa shi a kabari."

Ya yi kukansa. Sannan ya ce, "To gobe in na tambaya, ki sake faɗa min."

Na sake, jibi ma na sake. Kullum in faɗa masa, in miƙa masa buzun, ya share hawaye ya fita ya ja salla. Ba zan ce da sauƙi ba. Amma a hankali tambayar ta yi ta raguwa. Wata magariba ina daga bayan ƙyaure na ji ya shafa addu'a yana cewa, "Allah ya jiƙan Baba." Ranar ba wanda ya faɗa masa. Kafin azumi ya buɗe shago, matarsa na rubuta masa awo da sunan mai kaya a jikin kowane yadi.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Falmata na karatun aikin jinya, ran nan ta sa matashin kai a tabarma tana nuna mana yadda ake danna ƙirji. Na san dariya zai yi, ya kama hannun farar rigarta ya ce wane ne ya yi wannan ɗinki karkatacce.

Watan jiya wata mata ta zo daga unguwar Bulumkutu, mijinta ya farfaɗo irin na Tela, tana tambaya ko zai koma daidai. Na ce ban sani ba, wannan sai likita. Abin da na sani, mutumin yana nan, kada ta yi masa ƙarya don ta huta da kukansa.

Tela ya rasu bai san shekarar da ake ciki ba. Amma ya san shi ne babba a gidan, kuma in ya yi tambaya, cikin ido ake ba shi amsa. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da mahaifinsa a inda ba jira.