Randar Inna Asama'u

A wani ƙauye kusa da Bici, gidan Inna Asama'u ne maƙwabcin makarantar firamare. Dangar kara ce kawai tsakaninsu, ita ma awaki sun cinye rabinta. Tun tana amarya ta tarar makarantar ba ta da ruwa. Mijinta ne ya fara ajiye wa yara randa a gindin darbejiyar ƙofar gida, da ya rasu ta gaje shi. 'Ya'yanta mata duk suna gidajen aure nesa, sai salla ake ganinsu.

Kullum da sassafe takan ja ruwa a rijiya ta cika randar. Da an tashi tara sai yara su ɓarko ta dangar kamar fari.

"Kai, ɗan gidan Mati! Sha ake yi da moɗa, ba wanka ba."

"Inna, yau ruwanki ƙasa-ƙasa yake."

"To je ka sha na firjin ubanka."

A bakinsu take jin wanda akuyarsa ta haihu da malamin da ke neman aure. In sun koma aji, ta samu abin tunawa har magariba.

Bara Alhaji Kamaruddeen, wani ɗan kasuwar hatsi da ya yi karatu a nan, ya tuna da makarantar. Ya sa kwano a azuzuwan da iska ta yaye, ya kawo bencina, ya zagaye filin da katanga, ya haƙa burtsatse. Ranar buɗewa Inna Asama'u tana can baya cikin mata lokacin da ya ce, "Ni ma na sha ruwan roƙo a maƙwabta. Daga yau an daina."

Aka yi tafi, ita ma ta tafa, kuma har zuciyarta. Ta san yadda ranar bazara ke yi wa yaro, ga guga ya fara fin ƙarfinta.

Amma daga nan gidan ya yi tsit. Takan jiyo hayaniyarsu ta bayan katanga, ba ta iya ware muryar kowa. Ruwa ya riƙa kwana a randa har ya yi gansakuka. Wata rana ta lura tun safe ba ta yi magana da kowa ba sai kaji.

Ta yafa mayafi ta samu hedimasta, Malam Hashimu, ta roƙi a bar ta ta riƙa ɗibar ruwan famfo.

"Ai naki ne, Inna. Ki zo da yamma, babu cunkoso."

"Da yamma ƙafata ke tashi, Malam. Lokacin tara ya fi mini."

Ya dube ta, ya ce to.

Yanzu kullum tana zuwa da ƙaramin bokiti ta tsaya a ƙarshen layi. Manyan yaran sukan dare mata.

"Inna, wuce ki fara."

"A'a, ku sha. Ni ina za ni?"

Duk wanda ya zo sai ta tura shi gabanta, tana tambayar jikin kakarsa. 'Yan aji ɗaya ba su san ta ba. Ɗaya ma ta tambayi ƙawarta ko tsohuwar nan kurma ce, ana ce mata ta wuce ba ta wucewa.

Sai a kaɗa ƙararrawa, su watse da gudu. A lokacin ne take tara bokitinta, ta buɗe famfon kaɗan, don kada ya yi saurin cika.