Ƙarfe Biyar a Dajin Bakin Teku

Duk wanda ya san ni a kasuwar Chow Kit, nan ƙasar waje, ya san bakina ba ya hutawa. Daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa nake sayarwa, labari kuwa kyauta ne, kuma ban taɓa ganin ɓera ban ce ya kai ɗan akuya ba. Mahaifiyata ce kaɗai ba ta taɓa yarda da ni ba. Duk saƙon muryar da na tura mata Kano, amsarta ɗaya ce: "Allah ya shirye ka."

Sunanta na sa wa 'yata. Saboda haka tun ranar suna ban taɓa kiran yarinyar da sunan yanka ba. Mamana nake ce mata, ko da faɗa zan yi mata.

Wata Asabar, tana da shekara tara, na kai ta dajin nan na bakin teku a Kuala Selangor, don an ce musu a makaranta kowa ya kawo hoton dabba. Uwarta ta tsaya a shago. Muna ƙofar shiga, wajen ƙarfe biyu na rana, wayata ta yi ƙara. Yayana ne. A can gari bai daɗe da wayewa ba.

"Sai haƙuri," ya ce. "Hajiya ta cika bayan asuba. Ƙarfe goma za a yi jana'iza."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na lissafa: goma a can, biyar a nan. Babu jirgin da zai kai ni. Na mayar da wayar aljihu, na karɓi tikiti biyu, har godiya na yi wa matar da ke sayarwa.

Na yi ta jiran wani abu ya motsa a ƙirjina. Shiru. Yarinyar kuwa har ta yi gaba da gudu, ban san ta inda zan fara gaya mata ba.

Muka hau doguwar gadar katako da ta ratsa dajin. Ruwan teku ya janye, ya bar taɓo baƙi mai wari. Itatuwan suna tsaye a kan saiwoyinsu kamar mutanen da suka tattare wando za su ƙetare rafi. Ƙaguwa ko'ina, kowacce da hannu ɗaya ƙato. Akwai wani kifi mai idanu a tsakar ka, yana jan ciki a kan taɓo. Da a wata rana ce, da na rantse na ga ya hau babur. Ranar kallonsa kawai na yi. Sauro ya sauka a bayan hannuna, na tsaya ina kallo har ya ƙoshi ya tashi.

Ƙarfe uku na ce a raina, yanzu ana wanka. Ƙarfe huɗu na ce, yanzu an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Wani guza ya ƙetare hanya bai ko kula mu ba.

Can gaba muka tarar da birai masu launin toka a kan reshe. Wata tana rungume da jaririnta, shi kuwa ja ne jawur kamar an tsoma shi a manja. Yarinyar ta ƙwace wayata ta fara ɗauka.

"Baba, yi magana mana lah! Kaka za mu tura wa. Ka ce mata birin ya kai saniya."

"Bai kai ba," na ce.

Ta sauke wayar ta dube ni sama da ƙasa.

"Ba ka da lafiya ne? Ko yunwa ce? Mu je makan, mu ci abinci."

"Lafiyata ƙalau. Ke, matso daga bakin nan kar ki faɗa."

"Ke?" Ta riƙe ƙugu. "Tun da muka shigo ke, ke, ke. Yau ni ba Mamanka ba ce?"

Sai a lokacin na lura. Awa uku ina kewaye kalmar kamar rami. Na duba agogo, biyar saura kaɗan. Akwai wani benci a jiƙe, na zauna a kai, na jawo ta kusa.

"Mamana," na ce. Muryar ta fita daidai, ba rawa, har abin ya ba ni haushi. "Kaka ta rasu yau da safe. Yanzu haka ana yi mata salla."

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta dubi wayar, hoton birin yana nan tsaye.

"Da gaske, Baba? Ba irin labarinka ba ne?"

Shekara da shekaru ina ƙari a kan kowace magana, ranar ban sami abin ƙarawa ba.

"Da gaske ne."

Ta kifa kanta a cinyata, na ji rigata tana jiƙewa. Na ɗaga hannu na yi wa Hajiya addu'a, duk wadda ta zo bakina. Idona a bushe. Ruwa ya fara dawowa cikin saiwoyin a hankali, wani zalɓe yana tsaye a ciki da ƙafa ɗaya.

Da ta ɗago ta miƙo mini wayar. Ta riga ta tura wa Kaka hoton.

"Tashi mu je, Mamana," na ce. "Uwarki ba ta sani ba tukuna."