Zoben Inna Kulu

Inna Kulu ta haifi goma sha ɗaya, biyu suka tsaya. Sauran taran ita ta yi musu wanka da hannunta, a nan ta koyi wankan gawa. Ɗanta Isyaku, direban tifa, ya ɗauko ta daga ƙauye a 1969 ya ajiye ta a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, kuma kafin shekara ta zagayo babu macen da za ta rasu daga nan har Tarauni ba a aiko mata ba. A lissafin Isyaku ta haura tamanin. Ita kuwa ta ce ba ta ga wanda ya tsaya ƙirgawa ba.

Malamai sun ce mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani. Inna Kulu ta yarda da haka, sai dai a ganinta hukuncin bai shafi hira da abokiyar aikinta Fatsuma ba. Su biyun sun san wadda ke ɗaure laya a cinya, sun san wadda ta shekara ba ta tsefe kai ba. Abin da ya shiga kunnen Fatsuma kuma ba ya kwana bai isa Unguwa Uku ba.

Da daminar 1976 mahaifar Inna Kulu ta zazzago. Ta daɗe tana jin nauyi a ƙasanta tana tare shi da tsumma, har ranar da ta sunkuya ɗaukar buta ta kasa miƙewa. Surukarta Uwani ta matsa, Isyaku ya sa ta a gaban tifa sai asibiti. Likita ya ce a shekarunta ba zai yi mata tiyata ba, jikinta ba zai ɗauka ba. Wata nas mai suna Hadiza ta sa mata zoben roba mai tokare mahaifa daga ciki, ta ce ta dawo bayan wata uku a duba.

"Can zai zauna?" in ji Inna Kulu.

"Can zai zauna, Inna."

"In na mutu fa?"

"Sai ku tafi tare."

Ta sami sauƙi, har ta koma salla a tsaye. Amma tunani ɗaya ya hana ta sakat: in ta rasu Fatsuma ce za ta wanke ta, kuma Fatsuma ba ta barin lungu. Don haka duk ranar da ta ji jikinta wani iri, ko da atishawa uku ce a jere, sai ta cire zoben ta naɗe a tsumma ta tura ƙarƙashin kwalla, ta kwanta tana fuskantar alƙibla. Mutuwa ba ta zuwa. Mahaifa ce ke zuwa. Sau uku a wata biyu tifa na kai ta asibiti.

A na ukun Hadiza ba ta yi dariya ba.

"Inna, wurin ya fara gyambo. In kika sake cirewa, kwanciya za ki yi, a kawo miki fo har ɗaki."

"Ke yarinya ce. Ba ki san Fatsuma ba."

"To zaɓi: bakin Fatsuma ko ƙafafunki."

Kwana biyu tana juya maganar. Ranar Asabar da hantsi ta ɗauki sanda ta taka har Tarauni, ta tarar da Fatsuma a tsakar gida tana tsince wake. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Akwai zoben roba a cikina, wata nas ta sa mini a asibiti. Mahaifata ce ta sauko. Na faɗa miki da raina, don ki rasa abin kaiwa gari in na mutu. In za ki yaɗa, yaɗa yau ina ji, in gyara miki inda kika ƙara gishiri."

Fatsuma ta ci gaba da tsintar wake. Can ta ture farantin gefe, ta leƙa ƙofa ko da mai ji.

"Wace rana nas ɗin take zama?"

Inna Kulu ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ma?"

"Shekara shida ke nan."

"Shekara shida, kina bina a baya kamar agwagwa, ni ina cewa ƙiba ce." Ta gyara zama a kan tabarma. "Talata take zama. Ki sa zani mai tsabta, ba wannan ba. Isyaku zai biyo ta nan."