Inna Mai Baƙi da Tsibin Duwatsun Gungun Kanya

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar mahaifiyata Tani, wadda mutanen ƙasar Yauri da suka san ta ba su kira ta da komai sai Inna Mai Baƙi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Niyyata bana ma in yi mata addu'a in ja bakina kamar kullum, don ni ba marubuci ba ne, tsohon malamin firamare ne da gwiwoyi suka fara yi wa gardama. Amma wani abu ya same ni a bana wanda in ban faɗe shi ba zai tsaya mini a wuya.

Mu Gungawa ne, mutanen tsibiran da ke tsakiyar Kwara kafin a yi dam ɗin Kainji. Namu tsibirin, Gungun Kanya, ƙarami ne ƙwarai. In zakara ya yi cara a wannan gefen, na wancan gefen zai amsa masa. Albasa muke nomawa, da gero, muna kuma ɗan taɓa su, wato kamun kifi. Akwai masu salla, akwai masu zuwa coci, akwai waɗanda ba su bar abin kakanni ba, kuma sau da yawa a gida ɗaya za ka same su duka uku suna cin tuwo a akushi ɗaya.

Duk da ƙanƙantarsa, gungun namu yana da abin nuna wa baƙo. Akwai guntun ganuwar dutse da kakanni suka ɗora a zamanin hare-hare. Akwai faffaɗan dutsen niƙa mai ramuka, inda hannun mata ya cinye dutse har ya yi santsi. Akwai tsohuwar kanyar da ake ɗaure kwalekwale a jikinta, wadda ta ba garin suna. Sai kuma can bisa tudu, tsibin baƙi. Al'adar ita ce, duk baƙon da zai shigo gungun karon farko sai ya ɗauko dutse ɗaya daga gaɓar da ya taso, ya hau tudu ya ɗora a kan tsibin. Ba tsafi ba ne, limaminmu ma ya sha faɗa. Shaida ce kawai cewa wane ya zo, an karɓe shi, ya ci ya sha. Ɗan gari kuwa ba ya ɗora dutse, domin mutum ba ya baƙunta a gidansu. Kuma ɗan gari a wurinmu ba shi da wata ma'ana sai ɗaya: wanda aka binne cibiyarsa a ƙasar gungun.

Gidanmu ne na farko in ka sauka a kwata, inda jirage ke tsayawa, shi ya sa aikin karɓar baƙi ya faɗo kan Inna. Ita kuwa kamar don shi aka haife ta. Gajeruwa ce, mai sauri, ga surutu. Da Gunganci take yi mana faɗa, da Hausa take yi wa baƙi zaƙin baki, kuma ba ta taɓa rikita su ba. In baƙo ya sauka hannu rabbana, ba ta jin nauyin kowa. Za ta ce da mai jirgi ya mayar da shi ya ɗauko dutsensa, ko da rawaninsa ya kai girman masaki.

Shekarun da aka samu mulkin kai su ne lokacin cin kasuwarta. Mutane sun fara jin ƙasar tasu ce, kowa yana son ya ga abin da ke cikinta. 'Yan makaranta daga Yelwa, ma'aikatan gwamnati da matansu, fatake, har da Turawan da ke shirin komawa gida. Inna za ta sa su gaba, daga ganuwa zuwa dutsen niƙa, daga nan a hau tudu, a sauko a ci soyayyen kifi a gindin kanya. Na sha jin ta tana ƙara wa labarin ganuwar gishiri, yau mahara ɗari, gobe sun fi ƙirge. In na yi magana sai ta harare ni ta ce baƙon ai bai yi ƙorafi ba.

Cikin waɗannan baƙin ne masu awo suka zo, da sandunansu masu ja da fari da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa. Su ma ta sa sun ɗora dutse, ta ba su kifi da albasa har da guzuri. Sun gaya mata gaskiya, ban zarge su da ɓoyewa ba. Sun ce za a tare Kwara a can ƙasa, ruwa zai hau, gungun zai nutse. Dariya ta yi. Mu da muke ganin cikowar kogi biyu, farin ruwa da baƙin ruwa, suna zuwa kowace shekara suna komawa, wa zai koya mana halin Kwara? Ta ce musu, “Ku dai ci kifinku. Ni ban san ruwan da ka zuwa shi ƙi komawa ba.” Daga baya takan ce ita ce macen da ta ciyar da waɗanda suka auna wa ruwa ɗakinta, ta kuma yi musu a sauka lafiya.

Lokacin tashi ina kwalejin horon malamai, na zo hutu na tarar ana ɗaure kaya. Aka kai mu sabon gari a gaɓa ta wajen Ngaski, gidaje na siminti a jere, masu rufi kamar bayan kunkuru, zafi da rana kamar tanda. Mutane da yawa sun bar turame da randuna a gungun, wai kafin ruwa ya koma. Ruwa ya hau a hankali, ya ci gonakin albasa, ya ci kwata, ya ci gidaje. Kanyar ta daɗe tsaye a cikin ruwa kafin ta bushe. Da ya gama, babu abin da ya rage sai kan tudun nan da tsibin baƙi a bisa. In tafkin ya ja da bazara, ganuwa da dutsen niƙa sukan leƙo na ɗan lokaci, sannan su sake nutsewa.

Ranar da muka fara komawa gani, abin da ya faru har yau yana ba ni dariya da tausayi. Mun taru a gaɓa za mu shiga kwalekwale, sai kowa ya sunkuya ya ɗauki dutse. Ba wanda ya ce a yi. Mun girma muna ganin duk wanda ya taso daga gaɓa zuwa gungun da dutse yake tasowa, ga mu yau a gaɓa, hannu ya yi abin da ido ya saba gani. Har da kawuna, dattijo mai furfura. Inna ta tsaya da ƙafa ɗaya a jirgi tana kallonmu.

“Mi za ku yi da duwatsun ga?” in ji ta. “Wa yac ce muku ku baƙi na? Ku zubas da su! Ruwa ya ci ɗakunanku, bai ci cibiyarku ba.”

Muka zubar, kowa yana kunyar kallon ɗan'uwansa. Muka hau tudun hannu wofi. A nan ne na ga Inna ta yi kuka karo na farko tun da aka fara maganar tashi.

Amma faɗan da ta yi mana ya tono mata wata damuwa da ba ta bar ta ba har ta koma ga Allah. Mu dai cibiyarmu tana can, ko a ƙarƙashin ruwa. To waɗanda za a haifa a sabon gari fa? A bisa al'ada baƙi ne. Ranar da na ƙarshenmu ya mutu, gungun zai zama wurin da kowa baƙo ne, babu mai cewa sannu da zuwa. Wannan ne abin da ya tsaya mata a rai, ba gonaki ba, ba ɗakinta ba.

Da aka haifi ɗana na fari, Musa, sai ta nuna mana dabararta. Ta jira har guntun cibiyar ya bushe ya faɗi, ta ƙulle shi a bakin zane, ta samu wani masunci ya tuƙa ta zuwa tudun, ta tona rami nesa kaɗan da tsibin ta binne. Ta dawo tana ta washe baki, ta ce yanzu yaro ya samu gari. Aka yi ta yi mata dariya. Wasu suka ce tsufa ne, wani matashin malami ya ce bidi'a ce, wata mai zuwa coci ta ce komawa baya ne. Amma ba a daɗe ba sai ga mata suna zuwa gidanmu da ɗan ƙullinsu a ɓoye, har da matar shi malamin. Inna ba ta taɓa tona asirin kowa ba. Ta yi ta wannan zirga-zirga shekara da shekaru, tana haɗawa da kai baƙi, don masu son ganin wurin ba su yanke ba. Ta yi har ƙafa ta gaza, aka koma ɗaukarta a sa a jirgi, har wannan ma ya gagara. Bayan rasuwarta ba wanda ya ɗauki aikin. Matan da suka san hanyar sun tsufa, 'ya'yanmu sun bazu cikin birane, haihuwa ta koma asibiti.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga wurin yau. Baƙi sun fi na zamaninta yawa. Jirgi mai inji ke kai su, ranar hutu har layi ake yi. Suna ɗora dutse kuwa, tsibin ya ninka yadda ta bar shi. Sai dai masu jirgin sun ce musu duk wanda ya ɗora ya roƙi abu zai samu, don haka za ka ga mutum ya rufe ido yana motsa baki, wani yana ɗaukarsa hoto da waya. Ganuwar kuma wai aljanu ne suka gina. Ƙarin gishirin ba zai dame ta ba, ita ce uwar masu yi. Abin da zai ƙona mata rai shi ne a sauke mutum a gungunmu ba wanda ya tarbe shi, ba wanda ya ba shi ko ruwa, ya ɗora dutsensa ya juya kamar wanda ya je kasuwa.

Da bazarar bana jikata Saratu, 'yar Musa, ta zo daga Kaduna inda take aikin jinya. A can aka haife ta, a can ta yi aure, ta zo da ciki ya fara nunawa. Ta matsa sai na kai ta gungun da ubanta ke cika mata kunne da shi. A hanya na ba ta labarin nan duka, tana ta tsokanata wai ni, mijinta na wasan jika, na cika tatsuniya. Da muka isa gaɓa, sauran fasinja suna tsintar duwatsu, sai na ga wasan ya bar fuskarta.

“Kaka, ni fa? Tawa cibiyar ina aka binne ta?”

Na so in yi mata ƙarya, Allah ya sani. Amma ita ma'aikaciyar asibiti ce, ta fi ni sanin inda irin wannan ke tafiya. Na ce mata an haife ta Inna ba ta iya tashi, kuma Kaduna da nisa.

Ta sunkuya da ƙyar ta zaɓi dutse, ta riƙe shi a cinya har muka isa. Na hau tudun hannu wofi, jinina tana bayana da dutsen baƙunta. Da ta ɗora shi, na buɗe baki in ce mata sannu da zuwa kamar yadda ake yi wa baƙo, sai na fasa. Tun ranar da muka binne Inna ban ji rashinta kamar wannan lokacin ba. Na nuna wa Saratu inda cibiyar ubanta take, muka juyo.

Na dawo gida na yanke wa kaina cewa abin ya ƙare, Inna ta yi iyakar ƙoƙarinta, ta jinkirta shi da zuriya ɗaya, shi ke nan. Na fara lissafa abin da ya rage nata a duniya, na ga bai wuce suna a bakin tsofaffi da tsibin da aka canza wa ma'ana ba.

Makon jiya wani direban motar Kaduna ya aiko yaron tasha ya kira ni, wai ina da saƙo. Na zaci magani ne na gwiwa, don Saratu ta saba aikowa. Ya miƙo mini wata 'yar kwalbar asibiti mai murfi, an naɗe ta da auduga. Ban gane ba sai da na ɗaga ta a rana, na ga busasshen guntun cibiya ne a ciki. Kafin in isa gida wayarta ta shigo. Mun riga mun sha suna ta waya, namiji ta samu, amma wannan ba ta gaya wa kowa ba.

“Kaka, ya iso? Ni dai na riga na zama baƙuwa, ba komai. Amma shi ka kai shi gida, don in na sake zuwa in samu mai tarbata.”

Wannan shi ne abin da ya rage na Inna, kuma ya fi abin da na lissafa. Ba ta bar gona ba, ba ta bar gida ba, ko kabarinta a ƙasar da ba ta taɓa kira tata ba yake. Ta bar taurin kai, ya tsallake ni, ya tsallake Musa, ya sauka a kan yarinyar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Gunganci. Allah ya kai rahama kabarinta, ya raya wannan yaro.

Na yi magana da mai jirgi, ya ce hawan tudun zai ba ni wuya da wannan gwiwar. Na ce ya bar ni da gwiwata. Na aro ƙaramar fartanya a maƙwabta, jibi in Allah ya kai mu za mu tafi.