Cokali Ukun Hajiya Kulu

Har gobe ina tuna wata Litinin cikin damina, ina sabon ma'aikaci a wani ƙaramin asibiti kusa da Rawayya. Hajiya Kulu ce incaj ɗinmu, wato shugabar wurin, Allah ya jiƙanta. Ga faɗa, amma ga sanin aiki.

Wajen azahar aka kawo Malam Sani daga gona a amalanke. Dattijo ne mai kunya, amma ranar sai zage-zage yake yi, jiki na ɓari, magana na sarƙewa. Masu rakiya suka ce iska ce ya taka. Ni kuwa uban iya, na ce shanyewar ɓarin jiki ce, har na ɗauko takardar tura shi Gusau. Da ya hau hanyar nan, wallahi da wuya ya kai.

Hajiya ta taɓa goshinsa, ta ji zufa mai sanyi sharkaf. Ta tambayi matarsa ko yana shan wani magani. Ta ce na ciwon suga, kuma ya sha da asuba. Abinci fa? Ai azumin Litinin ya ɗauka, da ruwa kaɗai ya kora maganin, ya tafi noma.

Hajiya ta harare ni, ta ce in ajiye biron nan in dama suga cokali uku a ruwa. Ina kawowa babban ɗan Malam ya tare ni.

"Hajiya, ku kunka hana mai suga, kuma ku za ku ɗura mai?"

"Mu munka hana, mu munka ce a ba shi. Kauce!"

Sai da ta tabbatar yana iya haɗiya, don wanda ya suma ba a zuba masa komai a baki, sannan ta ba shi kaɗan-kaɗan. Ba a yi minti ashirin ba Malam ya tashi zaune, ya dube mu, ya ce wa ya karya masa azumi. Ɗan ya fashe da kuka, mu muka fashe da dariya. Aka kawo masa fura.

Da yamma Hajiya ta ce laifin namu ne: mun koya wa mutane tsoron hawan suga, ba mu gaya musu yana faɗuwa ba.

Ina kewar matar nan ƙwarai. Ku yara da kuke min tsiya wai tsoho na yawo da ƙwayar suga a aljihu, to ga dalili. Wannan ta Hajiya Kulu ce.