Iskar da Aka Zo Fitarwa daga Tafkinmu

Shekarun baya, lokacin da zancen gubar dalma bai gama lafawa ba a ƙasar Bukkuyum, wasu baƙi suka zo ƙauyenmu da manyan motoci. A lokacin duk wanda ya ambaci tsabta muna ba shi kunnuwanmu duka biyu, don mun ga abin da ya sami yara a Yargalma, kuma ba mu da nisa da su. Baƙin suka ce aikin wuta mai tsabta suka kawo, na gwaji, kuma ba za su fara ba sai sun ji ra'ayin jama'a.

Jama'ar da suke nufi mu ne, 'yan dattawan da aka tara a wani aji na firamare aka raba mana lemon kwalba. Babu mace ko ɗaya. Ba a aika rugage ba, alhali shanun Fulani sun fi kowa dogara da tafkin da ake magana a kansa. Shi kaɗai ne ruwan da ke kai mu bazara bai ƙafe ba. Kuma tun muna yara ake cewa akwai mutanen ɓoye a cikinsa, don ya sha cin masu wanka.

Shugaban baƙin ya yi ta zuba Turanci, malamin makarantar yana fassarawa. Malamin Kirista ne daga wata jiha, ya daɗe a cikinmu, mutumin kirki. Ya ce, "Za su kafa farantan sola, su ja ruwa daga tafki, su fitar da iskar da ke cikinsa, su ɗure ta a tukwanen ƙarfe."

Can wani tsoho ya ce, "Alhamdu lillahi." Dukanmu abu ɗaya muka ji: an zo kama iskar tafki, mai cin yara. Ni da na ɗan taɓa boko, nake ganin na fi sauran wayewa, ni na miƙe na gyara babbar riga na yi tambaya. Na ce, "In an ɗure ta, ina za a kai ta?"

Baƙon ya ce ƙona ta za a yi, ta ba da wuta, babu ko hayaƙi.

Wani daga baya ya ce, "Ai dama wuta ce makomarta."

Aka fashe da dariya, aka yi tafi. Baƙin ma suka yi dariya, ba su san abin da suke yi wa ba. Suka ɗauke mu hoto, suka kama hanya kafin la'asar.

Malam bai yi mana ƙarya ba. Iskar gas suke nufi, wadda suke kira haidirojin, da ake raba ta da ruwa. Hausa ce ta ba abubuwan biyu suna ɗaya. Da baƙin sun ce wa mutum guda a cikinmu ya maimaita abin da ya fahimta, da an gane tun a ajin. Ba su tambaya ba.

Da na koma gida, mahaifiyata ta ce, "Mi sunka ce?" Na ba ta labari da zumuɗi. Ta ce, "To ruwan hwa? In an fidda iska, maido muna shi za a yi?"

Na ce, "Inna, wanga aikin masu ilimi na." Gaskiyar ita ce ban san amsar ba.

Damina na wucewa aka kawo waya mai ƙaya aka kewaye tafkin, aka aje mai gadi wanda ba ɗan gari ba. Mata suka koma rijiyar bayan gari, wadda guga ke fitowa da laka. Rannan da hantsi sai ga abokina Bafillace, wanda muka tashi tare, iyalinsa ke kawo mana nono. Bai ko zauna a tabarma ba.

Ya ce, "Kai Kaɗo, da bakin wa anka ba da ruwan shanuna?"

Na ce, "Yi haƙuri, iska za su fidda, su buɗe."

Ya dube ni ya ce, "Tun zamanin kakana shanunmu ke shan ruwan ga tare da iskar. Ba ta taɓa hana su ba. Sai yau ɗan Adam ya hana."

Muka hau babura, ni da malam da wasu, muka je Bukkuyum wurin wakilin baƙin. Ya fito da hotonmu muna tafi, ya ce an tuntuɓi al'umma kuma ta amince. A nan muna gardama malam ya gano inda aka saɓa. Ya dafe kai, ya bayyana wa mutumin da Turanci. Mutumin ya ƙyalƙyale da dariya har da buga tebur, ya ce wannan labari sai ya ba abokan aikinsa.

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Na ce wa malam, "Gaya mai, mu ne jahilai, mun yarda. Amma shi mai ilimin, don mi ya zo ɗaukar ruwan gari bai tambayi wa ke sha ba?" Ban san yadda malam ya fassara ba. Mutumin dai ya ce zai isar da saƙo sama.

Amsa ba ta sauko ba. Bazara ta yi tsanani, shanun abokina suka rame, maruƙa suka fara faɗuwa. Ya kwashe rugarsa ya yi wajen Gummi. Aikin kuwa bai wuce waya da ɗan daɓen siminti ba. Daga baya muka ji wai ruwan ya cika laka kuma hanya ba ta da kyau, suka watsar, ko sallama babu. Mu da kanmu muka cire wayar. Na aika wa abokina cewa an buɗe tafki, ya aiko da gaisuwa, bai dawo ba.

Ba wutar nake ƙi ba. Har gobe ƙauyenmu na bukatarta, kuma da an zauna da mata da makiyaya, wataƙila da an bar wa shanu mashaya a gefe guda, kowa ya samu. Na san rabona na laifi, don na yi tafi a kan ruwan da ba nawa ni kaɗai ba. Amma abin da ke ƙona mini rai shi ne, ba jin ra'ayinmu suka zo yi ba, hoto suka zo ɗauka.

Yanzu in baƙi suka zo da wani aiki, ba na buɗe lemonsu sai an aika ruga, an kira mata, kuma kowa ya faɗi da bakinsa abin da za a ɗauka da abin da za a bari. Wasu na cewa tsohon nan ya cika tsawaita taro. Su yi ta faɗa. Gajeren taro ne ya raba ni da abokina.