Matar da Ta Ɗaga Jarka a Hanyar Agadas

Har yau ban sani ba, matar nan ƙishirwa ce ta tsayar da ita a bakin hanya, ko ta 'yan fashi ce suka ajiye ta? Na tambayi malamai, na tambayi direbobi a tashar Jega. Kowa sai ya ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma dai ban sani ba.

Maigidana direban babbar mota ne. Gero da masara yake ɗauka daga kasuwar Jega ya kai Agadas, ya dawo da dabino da gishiri. Ɗiyarmu tana aure a can. Da ta haihu sai aka ce in bi shi in yi mata wankan jego, ni da ban taɓa wuce Aliero ba.

Kwana biyu kafin mu tashi ya zauna a tsakar gidanmu a Mungadi, shi da ƙanensa da suke karɓa-karɓar tuƙi. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi da kara, ya jera albasa a kai. Wannan Sakkwato, wannan Illela, ga Ƙonni, ga Tawa inda za a sha mai, ga Abalak. Daga Abalak sai ya ja layi mai tsawo babu albasa ko ɗaya, sai wata babba a can ƙarshe.

Na ce, "Malam, nan fa?"

Ƙanensa ya riga shi: "Matar Yaya, nan in fitsari ya kama ki, sai ki riƙe har Agadas."

"Ji marar kunya. Ni da na share maka majina."

Maigidana bai yi dariya ba. Ya ce jarka shida za mu cika da ruwa, a naɗe su da buhu. A Abalak za mu jira wasu motoci mu tafi ayari. Sannan ya ɗora kara a kan dogon layin ya ce, "Daga nan zuwa nan ba a tsayawa. Ko uwata na gani bakin hanya, ba ni tsayawa."

Mota biyar muka bar Abalak. Da hantsi tayarmu ta fashe. Kafin a canza, sauran sun yi nisa, ko ƙurarsu ba ma gani. Rana ta take muka hango ta, mace ɗaya tilo cikin baƙin zane, ta ɗaga jarka tana juya bakinta ƙasa. Babu gida, babu itace.

A wajenmu ba a hana ruwa. Ko wanda kuka yi shari'a da shi ya tsaya a ƙofa, sai an miƙa masa ƙwarya.

Na ce, "Malam, ruwa fa take roƙo."

Ƙanensa ya ce, "Yaya, kada ka taka birki."

"Mi za ka ce wa Allah in ta mutu?" Na kama hannunsa da ke kan sitiyari. Ni na kama. Ke mai rubuta labarin nan, ki rubuta haka, kada ki gyara.

Ya tsaya.

Bai ma kashe motar ba babura suka ɓullo daga bayan tudun rairayi, mutum biyar, fuskoki naɗe da rawani. Harbin farko ya tarwatsa gilashi, ya cika mini baki da ido. Suka fizgo ƙanensa ta ƙofa, suka buga masa gindin bindiga a baki har haƙoransa suka zubo a kan rairayi, suka ɗaure shi da igiyar tampol. Matar ta yi ihu. Ɗayansu ya mare ta, ta faɗi. Na gani da idona. Na kuma ga an ɗora ta a bayan babur daga baya, ban san jan ta aka yi ko hawa ta yi ba.

Wani ya kama ƙafata ya jawo ni daga gaban motar, bayana ya bugi matakala, kaina ya bugi ƙasa. Ya sa hannu ya fizge 'yan kunnena tare da naman. Ya taka mini wuya da takalmi. A nan ne maigidana, da aka durƙusar da shi yana kallo, ya rarumi ƙarfen kwance taya ya sauke masa a hannu. Na ji ƙarar ƙashi kamar an karya rake.

Sau biyu suka harbi maigidana a ciki. Bai faɗi ba, sai da wani mai takobi a cikinsu ya sare shi a kafaɗa. Yana ƙasa suna shurin sa, wanda aka karya wa hannu yana zagi da harshen da ban sani ba. Suka zuƙe man motar, suka kwashe wayoyi, suka farke buhuna da wuƙa don mugunta, gero yana kwarara. Jarkokin nan shida duka suka ɗaure a babura suka tafi.

Na ja ciki na isa gare shi. Na cire mayafina na danna a kan raunin, jini yana ɓulɓulowa ta tsakanin yatsuna. Leɓensa ya bushe, ni kuma ko ɗigo ba ni da shi. Na ce ya yafe mini, na faɗa, na sake faɗa. Ya yi kalmar shahada a hankali, sau biyu. Ƙanensa yana gurnani a ɗaure, ya ce ga wata mota can tana zuwa daga wajen Abalak.

Maigidana ya buɗe ido ya dube ni. Ya ture hannuna daga cikinsa, ya turo mini mayafin da ya jiƙe sharkaf.

"Ruhe kanki," ya ce. "Ga mutane nan tahe."